Iska ta hana mu zama a tsakar gida: ko ƙara tsayin katanga zai yi magani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara muka tare a sabon gidanmu da ke Millennium City a nan Kaduna, kuma har yanzu filaye ne kewaye da mu, babu gini babu bishiya. Mun yi daɓen siminti a bayan gida domin zaman yamma, amma iska ba ta barinmu. Da hunturu ƙura ce ke cika mana kwanon abinci, kujerun roba kuwa sai dai mu tsince su a gindin katanga. Maigida yana son a ƙara wa katangar layi huɗu na bulo. Shin hakan zai magance matsalar?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ina ba da shawarar a dakata da sayen bulon nan tukuna, domin rufaffen bango ba ya kashe ƙarfin iska, hanya kawai yake sauya mata. Idan ta ci karo da shi sai ta haye ta kansa, ta faɗo ɗaya ɓangaren tana juyi kamar ƙaramar guguwa, kuma wannan juyin ne yake tara ledoji da busasshen ganye a kusurwar gida, shi ne kuma yake kwashe muku kujeru. Ga kuma haɗarin ɗora nauyi a kan harsashin da ba a haƙa shi domin wannan tsayin ba, wanda yakan sa katanga ta kwanta a hadarin farko na damina.

Abin da ke aiki shi ne shingen da yake tace iska, wato wanda kusan rabinsa huji ne. Irin wannan yana barin kaɗan ta ratsa a hankali, sai wadda ta haye sama ta rasa gurbin da za ta faɗo da ƙarfi, kuma sassaucin da yake kawowa yakan kai nisan kusan ninki 10 na tsayinsa. Ke nan shinge mai tsayin mita 2 ya wadatar da wurin zama irin naku, muddin an kafa shi ta inda iskar take shigowa.

Wannan ɓangaren ne ya kamata a fara tantancewa. A Kaduna iskar hunturu daga arewa maso gabas take tahowa, daga wajajen Nuwamba zuwa Fabrairu, hadarin Afrilu da Mayu kuma galibi daga gabas yake tasowa. Ta kudu maso yamma kuwa ita ce mai sanyi da laima wadda ake marmari idan zafi ya tsananta, saboda haka kada a kuskura a toshe ta. Amma gini yakan karkatar da iska, musamman a lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga, don haka ki ɗaura ƙyallaye a kan sanduna uku ko huɗu a gefen daɓen, ki lura da inda suke kaɗawa safe da yamma har tsawon mako guda.

Maganin gaggawa yana nan a hannunmu tun kaka da kakanni, wato zana ko asabari, waɗanda saƙarsu ta riga ta bar ƙananan kafofin da ake buƙata. A ɗaure su a jikin bututun ƙarfe da aka binne da kankare, domin dirkar itace abincin gara ce, kuma a saukar da su har kusa da ƙasa, don iskar da ta samu kafa ta ƙasa takan fi ta sama cizo a ƙafa. A nisanta su da murhu da kaskon gawayi, tunda busasshiyar gamba a cikin hunturu tartsatsi ɗaya take jira. Idan ana son abin da zai daɗe, sai maigida ya karkatar da kuɗin bulon zuwa bulo mai huji, a gina gajeren bango a gabas da arewacin daɓen kawai.

Shuka ta fi duka waɗannan, domin ganye yana kama ƙura, sai dai tana buƙatar haƙurin shekara biyu zuwa uku. Itacen lalle yana yin shinge mai kauri idan ana aske shi, darbejiya kuma ita ce aka daɗe ana dasawa a jere a Kano da Jigawa da Katsina domin tare iskar hamada, amma a gida sai a ba ta tazara mai kyau daga harsashin gini da ramin masai saboda saiwoyinta. Ba na ba da shawarar bini-da-zugu, wanda yake kaɗe ganyensa daidai lokacin da ake neman kariyarsa, ko zogale mai saurin karyewa, ko itacen turare, wanda ya fi dacewa da gandun daji irin na Afaka da ke wajen garin Kaduna. A dasa a watan Yuni ko Yuli bayan ruwa ya zauna, a layi biyu a saɓa su, sannan a riƙa ban ruwa a ranin farko, zanar kuma ta ci gaba da tsare dashen har ya kai tsayinta.