Tambayi Anti: Magenmu ta mutu, ni kuma sai rabar da kaya nake ta yi

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Iyayena 'yan Kano ne amma a Jidda na tashi, shekarata 48. Magen gidanmu ce ta mutu sati uku da suka wuce, Bissa muke ce mata yadda mutanen nan ke kiran kyanwa, autana ne ya tsinto ta tana 'yar mitsila a bayan wani shago a unguwarmu Karantina shekara 14 kenan. Da aka yi rusau a 2022 muka koma 'yar shagga, wato fulat, mai ɗaki biyu, rabin kayana a kasuwar gwanjo ta Haraj ɗin Sawarik suka ƙare a wulaƙance, amma ita a kwali na riƙo ta kan cinyata cikin dabbab, 'yar motar ɗaukar kaya, tana ta kuka har muka iso. Yara duk sun watse, maigida aikin dare yake. Wallahi har yau in na fito da asuba sai na ɗaga ƙafa a bakin kicin wai kar in taka ta. Kafin ta mutu ta yi ta shan ruwa tana ramewa ban kai ta likita da wuri ba, abin na cina. Ƙanwar mijina ta ce mutane na mutuwa ke kina kukan mage. Kuma tun ranar nake fito da kaya ina rabarwa, kwanuka, atamfofi, jiya har akwatin aurena na jawo. Lafiyata kuwa? Akwai zunubi a kukan nan?
Daga wata 'yar uwa a Jidda

Wa alaikissalam 'yar uwa, lafiyarki ƙalau, Allah ya ba ki haƙuri. Zunubi kuma babu muddin hawaye ne da kewa ba faɗin maganar saɓo ba. Anas ɗan Malik yana da ƙane Abu Umair mai wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, a ruwayar Abu Dawud Manzon Allah (SAW) ya shigo ya tarar da yaron ya yi jugum, ya tambaya aka ce ai tsuntsunsa ne ya mutu, sai ya ce masa ya Aba Umair, ina labarin ɗan tsuntsu? Kin ga bai ce masa tashi tsuntsu ne kawai ba. Abu Huraira ma da muke jin sunansa kullum a karatu, 'yar kyanwar da yake yawo da ita ce ta jawo masa laƙabin. Sai ki karanta wa ƙanwar mijin naki, amma a hankali, ba ni na aike ki faɗa ba.

Maganar likita ki daina cin kanki. Mage mai shekara 14 tsohuwa ce tukuf, masu lissafi na kwatanta ta da mutum ɗan 70 da ɗoriya, kuma yawan shan ruwa da rama a tsohuwar mage galibi ƙoda ce ke gajiya, ita kuwa lallaɓa ta ake yi da abinci da magani ba ta komawa yadda take.

Ni abin da na hango a wasiƙarki, Bissa ita kaɗai ta rage miki daga gidan Karantina, lungun babu shi, maƙwabta kowa ya kama gabansa wasu Makka wasu sun koma gida Najeriya, yaron da ya tsinto ta ya zama saurayi, to duk wannan kukan da ba ki samu zama kin yi ba lokacin da ake ɗaure kaya ana neman mota shi ne ya tarar da ke yanzu gaba ɗaya, ga shi ya same ki a shekarun da mace ke waiwaye ta ga gida ya yi tsit.

Rage kaya ban hana ki ba, ni kaina da na haura 45 na gane kuloli goma sha da nake adanawa don baƙi babu ranar da aka buɗe su duka. Robobi, kofunan shayi da suka yi yawa, abayoyin da suka matse ki, ki bayar, masu buƙata na nan cike da gari. Amma akwatin aure da duk wani abin da riyal ba zai sayo miki irinsa ba, kwanon mahaifiya ne ko zanen da ta bar miki, ki mayar ƙarƙashin gado tukuna, mai baƙin ciki hannunsa sake yake, daga baya ya zo yana cizon yatsa.

Kwanon Bissa kuwa kar ki jefar, ki wanke ki riƙa zuba ruwa ki ajiye a inuwa ƙasan bene, kin fi ni sanin zafin Jidda da yawan magunan titi. In wata ta biyo ki sama ba dole sai kin karɓe ta yanzu ba. Ki rubuto min bayan salla in ji ko akwatin na nan.