Yarona ya bar shago, amma sa hannuna yana cikin kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da atamfa da shadda a Kano. Bara waccan yaron shagona ya sa na sa hannu a farar takarda, ya ɗauki hoto ya saka a laftof, don ya riƙa tura wa masu sarin kayana na Maraɗi da Damagaram rasit da takardar bashi ko da ba na nan. Yanzu mun rabu, kuma ba rabuwar daɗi ba. Laftof ɗin tana hannuna, ina so in sayar. Yaya zan goge sa hannun nan?

Amsa: Wa alaikumussalam, Alhaji. Gogewa aikin minti biyar ne. Abin da ya fi damuna shi ne wurare nawa sa hannun ya riga ya kwana, domin hoton sa hannu kamar hatimi ne da aka yi wa kwafi: wanda ke aljihunka ba lallai shi kaɗai ba ne.

Ka san matsayinka a doka tukuna. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 93, ta amince da sa hannu na kwamfuta. Dokar laifukan intanet ta 2015 kuma, a sashe na 17, ta ce irin wannan sa hannu a kan ciniki yana ɗaure mutum, kuma in aka yi gardama, wanda ya musanta shi ne zai kawo hujjar cewa ba daga gare shi ya fito ba. Wato idan gobe takarda ta ɓullo cewa ka karɓi kuɗin dila goma, da sa hannunka a ƙasa, kai ne za ka yi ta gumi. Gaskiya ne dokar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 10, ko duka biyun, ga wanda ya yi jabu, amma kafin shari'a ta kai nan ka sha zirga-zirga.

Idan da manhajar Adobe Acrobat Reader yaron yake wannan aiki, ga yadda za ka yi. Buɗe kowace takarda ta PDF, ka shiga Fill & Sign, ka danna alamar alƙalami. Za ka ga sa hannunka a ajiye, da wata 'yar alama a gefensa, ko dai giciye ko ɗan layin ragi, gwargwadon sabuntar manhajar. Danna ta, ya tafi. Amma kafin ka danna, ɗaga ido saman kusurwar dama ka ga da imel ɗin wa aka shiga. Nan ne gizo ke saƙa. Idan an shiga da asusun Adobe, sa hannun ba a laftof kaɗai yake ba, yana ajiye a asusun, kuma duk wayar da aka shiga da wannan asusu za ta nuno shi. In asusun naka ne, ka goge sannan ka canza kalmar sirri a ranar. In na yaron ne kuma har yanzu a buɗe yake, ka goge sa hannun naka kaɗai tun kafin ka fita, kada ka taɓa sauran kayansa.

Idan kuwa da Microsoft Word yake buga rasit, duba ƙarƙashin Insert, a Quick Parts, ka buɗe Building Blocks Organizer. Masu wayo a nan suke ajiye sa hannun maigida don su riƙa manna shi da dannawa ɗaya. Ka zaɓe shi ka goge. Sannan ka buɗe takardar rasit ɗin da yake kwafa kullum, sau da yawa hoton yana manne a ƙasanta tun asali.

Saura asalin hoton da ya ɗauka da waya. Nemo shi a wurin hotuna, da wurin da abin da aka sauke yake taruwa, da kwandon shara na kwamfutar, ka zubar da kwandon. Wanda ke wayarsa da WhatsApp ɗinsa kuwa, da wanda ke jikin rasit ɗin da aka riga aka tura Maraɗi, bakin alƙalami ya bushe. Duk mai PDF ɗaya daga cikinsu zai iya yanke hoton ya manna a wata takarda, ba sai gwani ba.

Shi ya sa ni a ganina waya ta fi linzamin kwamfuta amfani a wannan mako. Kira masu sarinka ɗaya bayan ɗaya, ka biyo da saƙo a rubuce mai kwanan wata: wane ya bar aiki ranar kaza, daga yau duk takardar bashi ko sabuwar lambar asusun banki da ta zo da sunanka, a kira ka a ji muryarka kafin a biya. Ba sai ka zarge shi da komai ba, domin har yanzu bai yi maka laifi ba, kuma bakin kasuwa ka san shi. Ka adana waɗannan saƙonni, su ne hujjarka in ta ɓaci. Haka masu ba ka kaya bashi, su ma a sanar da su. Idan kuma wannan sa hannun ne kake yi a cek, ka je bankinka ka nemi a sabunta sa hannun da ke kan asusunka, ka yi wani daban wanda ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba.

Maganar sayar da laftof, kada ka miƙa ta don kawai ka goge abin da idonka ya gani. Kwashe lissafinka a filasha, sannan a mayar da Windows sabuwa ta Reset this PC, a zaɓi cire komai tare da share bayanai, domin gogewa ta yau da kullum ana iya dawo da ita. Yana ɗaukar awanni. In mai gyara ne zai yi, ka zauna a gabansa ko ka zaunar da ɗanka har ya gama.