Tambayi Likita: Mai busasshiyar zuciya zai iya rayuwa kamar kowa?

Wani malamin makaranta daga Ƙofar Ƙaura, Katsina: Likita, ina yawan ganin kalmar "saikofat" a Facebook. Hauka ce? Kuma irin wannan mutum zai iya aure da sana'a?

Malam, ba hauka ba ce. Mai taɓin hankali yakan ji muryoyi ko ya ga abin da babu shi. Saikofat kuwa garau yake, ya san daidai ya san akasinsa. Abin da ya yi masa ƙaranci shi ne tausayi da nadama da tsoro. Bakinsa da zaƙi, ƙarya ba ta yi masa nauyi, in ya cuce ka barcinsa zai yi har da minshari. Bincike ya nuna sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro ba ya motsawa sosai a wurinsu, kuma gado da irin tashin da yaro ya yi duk suna da hannu.

Masanin nan ɗan Kanada, Robert Hare, ya tsara ma'auni mai abubuwa 20, makinsa daga 0 zuwa 40, kuma a Amurka sai mutum ya kai 30 ake kiran sa da wannan suna. Kusan mutum 1 cikin 100 ne ke kaiwa nan. Ka ga ke nan abin hawa-hawa ne. Masu ɗan rabo daga halin suna da yawa, suna kasuwa, suna ofis, suna da iyali. Wanda ya iya danne fushinsa, ya samu tsayayyun iyaye, ya nisanci ƙwaya, yakan riƙe gidansa, ko da na kusa da shi suna jin ƙarancin tausayi a mu'amalarsa.

Wata uwa daga Daura: Ɗana shekararsa 11. Yana azabtar da kyanwa, yana ɗauke-ɗauke, ko an dake shi ba ya hawaye. 'Yan'uwa sun ce in kai shi gidan mari.

Hajiya, don Allah kada ki kai shi. Ba mu manta abin da 'yan sanda suka tarar a irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina a 2019 ba: yara da manya cikin sarƙa, jiki duk tabo. Wannan tambayar ita ta fi taɓa ni, domin yaron da tsoro bai cika kama shi ba, bulala ba ta koya masa komai sai iya ɓoye laifi. Abin da ya fi tasiri shi ne doka ɗaya wadda ku iyayensa biyu kuka tsaya a kanta, ladabtarwa ba da duka ba, da yabo ko 'yar kyauta nan take idan ya yi abin kirki. Ki riƙa zama da shi kina nuna masa yadda wanda aka cuta yake ji.

Kuma kada kowa ya laƙaba masa suna. Mu likitoci ba ma yanke wannan hukunci kafin shekara 18, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Za a duba ko akwai wani abu a ƙasa, kamar cin zarafin da bai faɗa ba, ko shaye-shaye.

Wata matar aure daga Ƙofar Marusa: Maigidana yana dukana, gobe ya yi kamar ba a yi ba. Akwai maganin da zan sa masa a abinci?

'Yar'uwa, babu ƙwayar da ke dasa tausayi, kuma sa wa mutum magani a ɓoye haɗari ne. Ba zan iya auna mijin da ban gani ba, amma dukan da kike sha ba ya buƙatar sunan ciwo kafin a tsayar da shi. Ki sanar da waliyyinki a yau, ba gobe ba. In akwai rauni a jikinki, ki je asibiti a duba ki, a rubuta a kati.