Yaushe aikin jarida ya shiga jami'a a Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin jarida, ina aji biyu. Kusan duk masanan da muke haddace sunayensu Amurkawa ne. Shin a can aka ƙirƙiro karatun jarida? Kuma da gaske ne a Amurka ba a barin mutum ya yi aikin sai yana da digiri a fannin?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in fara da tambayarki ta biyu. Ba gaskiya ba ne. A Amurka babu wata hukuma da ke ba ɗan jarida lasisi, babu kuma takardar da doka ta ce sai da ita. Gyaran farko da aka yi wa kundin tsarin mulkinsu a 1791 ya hana majalisa yin dokar da za ta tauye 'yancin jarida. Abin da kamfani ke nema wajen ɗaukar ma'aikaci daban, abin da doka ta tilasta daban.

Ta farkon kuwa, makarantar jarida ta birnin Faris da aka buɗe a 1899 ta girmi duk na Amurka. Sai dai Amurkawa ne suka zaunar da abin a cikin jami'a, suka yi masa manhaja da digiri, daga baya duniya ta kwafa. Amma kafin a kai nan, jarida ta yi fiye da shekara ɗari biyu a ƙasar ana koyonta a bakin injin ɗab'i.

Jaridarsu ta farko ta fito a Bostan a watan Satumba na 1690, fitowa ɗaya tak gwamnatin mulkin mallakar Ingila ta rufe ta. A wancan zamani mai maɗaba'a shi ne edita, shi ne marubuci, sau da yawa shi ne kuma shugaban gidan wayar garin. Yaro yakan shiga a matsayin ɗan koyo, ya share ɗaki, ya jera haruffa, a hankali ya iya. Haka Benjamin Franklin ya fara yana ɗan shekara 12 a wurin yayansa. Bayan samun 'yancin kai jaridu suka koma bakin jam'iyyu, kowace da ubangidanta.

Sauyi ya zo a 1833 da Benjamin Day ya kafa jaridar Sun a birnin Niyok, yana sayar da ita kwabo ɗaya alhali sauran kwabo shida ne. Kuɗinsa daga talla yake fitowa, talla kuwa tana bin yawan masu karatu. To dole a nemo abin da talaka zai so: labarin kotu, gobara, kisan kai. A nan ne aikin ɗan rahoto, mai fita titi ya farauto labari, ya zama sana'a mai albashi. Ƙarya ma ta samu kasuwa, don a 1835 wannan jaridar ta buga jerin labarai cewa an hango halittu masu fiffike a duniyar wata, mutane suka yi ta ribibin saye.

Wanda ya fara gwada kai sana'ar aji, abin mamaki, soja ne. Janar Robert E. Lee, kwamandan 'yan Kudu da aka ci da yaƙi a yaƙin basasa, ya zama shugaban wata kwaleji a jihar Bajiniya, kuma a 1869 ya ware guraben tallafin karatu ga samarin da ke son aikin ɗab'i da jarida. Editoci suka yi masa dariya. A ganinsu ofishin jarida shi ne makaranta, ɗan jarida kuma haifarsa ake yi. Lee ya rasu a 1870, shirin bai daɗe ba ya bi shi.

Abin da ya dawo da maganar da ƙarfi shi ne zubewar mutuncin sana'ar. Joseph Pulitzer, baƙo daga Hungari, ya sayi jaridar World ta Niyok a 1883. A 1895 William Randolph Hearst ya shigo garin da jaridar Journal, aka shiga gasar kanun labarai masu tayar da hankali, da zuzuta ƙaramin abu, har aka riƙa ɗora musu laifin ingiza yaƙin Amurka da Sifaniya na 1898 (masana tarihi da yawa suna ganin an cika wa wannan zargi gishiri). Pulitzer ya so a tuna da shi da wani abu daban. Tun 1892 ya yi wa Jami'ar Kolumbiya tayin kuɗin kafa makarantar jarida, ta ƙi karɓa. Sai bayan an canja shugaba aka daidaita, ya bar wasiyyar dala miliyan biyu. Ya rasu a 1911, makarantar ta buɗe a 1912, kyautar da ke ɗauke da sunansa kuma aka fara bayarwa a 1917. A ra'ayina, neman daraja ne ya haifi makarantun nan fiye da neman ƙwarewa: masu jarida sun so a zaunar da su a sahun likitoci da lauyoyi.

Kolumbiya tana jinkiri, Jami'ar Mizuri ta riga ta. A 1908 ta buɗe makarantar jarida ƙarƙashin Walter Williams, editan ƙaramin gari wanda shi kansa bai yi digiri ba, daga maɗaba'a ya taso, amma daga baya har shugabancin jami'ar ya riƙe. Tsarinsa shi ne a koya ta hanyar yi. Tun ranar farko ɗalibai suka fitar da jarida ta gaske ga mutanen garin, kuma har yau ana buga ta. A 1953 jami'ar ta ƙara da gidan talabijin na kasuwanci inda ɗalibai ke aiki.

Willard Bleyer na Jami'ar Wiskonsin, wanda ya fara koyar da darasin jarida a 1905, ya bi wata hanyar. Shi yana ganin iya rubuta labari kaɗai bai isa ba, abin da ke da wuya shi ne fahimtar abin da ake rubutu a kai. Don haka ya tsara mafi yawan karatun ɗalibi ya zama tarihi, tattalin arziki, siyasa da zamantakewa, darasin jarida zalla kuma kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan rabo ya daɗe yana zama ma'aunin tantance makarantun jarida a ƙasar.

Sunayen da kike haddacewa kuwa, yawancinsu daga zango na gaba, na masu bincike, suka fito. Wilbur Schramm ya yi aiki a ofishin yaɗa bayanai na gwamnati lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya koma Jami'ar Ayowa a 1943 ya kafa karatun digirin digirgir a fannin sadarwa. Daga nan hankali ya karkata zuwa bincike kan tasirin saƙo a kan jama'a, da ƙididdiga, da ra'o'i. Tsofaffin editoci da ke koyarwa suka fara ƙorafin cewa an kawo malaman da ba su taɓa bin labari ba, masu binciken kuma suna kallon su a matsayin masu koyar da aikin hannu. Wannan saɓani bai mutu ba, kuma wataƙila kin ga irinsa a sashenku. Tsarin ya iso Najeriya ta Jami'ar Nsukka, wadda aka gina da taimakon Jami'ar Jihar Mishigan, ta buɗe Kwalejin Jarida ta Jackson a 1961. Nnamdi Azikiwe, jagoran kafa jami'ar, a Amurka ya yi karatu kafin ya kafa jaridar West African Pilot a 1937.

Kada ki ɗauka ina raina karatunki. Dokar ɓata suna, tantance majiya, karanta kasafin kuɗi, duk sun fi sauƙin koyo a aji fiye da a koye su bayan an kai mutum kotu. Yau mafi yawan 'yan jaridar Amurka suna da digiri, ko da yake ba duka a fannin jarida ba. Mutum biyun da suka bankaɗo abin kunyar Watergate (kutsen leƙen asiri a ofishin jam'iyyar adawa) a jaridar Washington Post daga 1972, wanda ya kai ga murabus ɗin Shugaba Nixon a 1974, babu ɗayansu da ya karanta jarida. Bob Woodward tarihi da adabi ya yi a Jami'ar Yale. Carl Bernstein kuwa bai kammala jami'a ba, ɗan aike ya fara a ofishin wata jarida yana da shekara 16.