Amsa kan gyara takardar haraji kafin intabiyun girin kad na aure

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka, ka ce an ɗaura muku aure a 2023, kana nema wa madam girin kad, wato katin zaman dindindin a Amurka, amma mai cika maka haraji ya saka ka a marasa aure, shine kake tambaya ko ka gyara ka miƙa wa USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka.

Gyara kam ka gyara tun yau, kar ka jira ranar intabiyu ta matso. A wajen IRS, hukumar haraji ta Amurka, duk wanda 31 ga Disamba ta same shi da aure to mai aure ne na duk shekarar, ko da saura kwana ɗaya aka ɗaura. Fom ɗin gyaran shine 1040-X, ka mayar da shi na haɗin gwiwa kai da matarka, ana ba da shekara uku a yi hakan. In ba ta da lambar soshal sekuriti sai ku haɗa da fom W-7 ta samu ITIN, wato lambar biyan haraji ta waɗanda ba su da soshal. Sai dai IRS ba sa gaggawa, sati 8 zuwa 12 suke cewa, wani lokacin har 16.

Inda nake so ka buɗe kunne shine kar ka ɓoye tsohuwar takardar. Wani maƙwabcina a nan Bronx haka ya yi, ya kai sabuwar kaɗai, jami'ar ta duba kwanan wata ta ga an cika ta bayan takardar kiran intabiyu ta iso, nan fa tambayoyi suka ɓarke, abin da za a gama a zama ɗaya sai da aka turo musu takardar neman ƙarin hujja. Su fa ba kuskuren ke damunsu ba, kullum suna ganin irinsa, ɓoyewar ce ke sa su fara zargin auren takarda ne. Ka haɗa tsohuwa da sabuwa da shaidar IRS sun karɓa, da rasit in akwai cikon kuɗin da ka biya, sai gajeriyar wasiƙa mai bayanin yadda aka yi, gaskiya zalla ba ado. In za ka ciro bayanan harajinka a shafin IRS ka ɗauki na asusu (account transcript), shi ke nuna gyara, na takardar da aka cika tun farko (return transcript) tsohon lissafi kawai yake fitarwa.

Kuma gaskiya takardar da aka gyara daga baya ba ta da nauyin wadda aka cika daidai tun farko, saboda haka ka ƙarfafa ta da haya mai sunanku biyu, asusun banki na tare da kuke amfani da shi da gaske, inshora, takardar haihuwar yara in akwai.

Ka duba I-864 ma, wato fom ɗin alƙawarin ɗaukar nauyin madam, ka tabbatar kuɗin shigarka bayan gyara ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati. In kuwa a matsayin mai riƙe da gida (head of household) aka saka ka a takardar harajin alhali kuna zaune tare, wannan ka nemi lauyan imigireshan kafin ka tura komai, don ma'anarsa ka ce wa gwamnati kun raba gida.