Amsa: Da awaki zan fara kiwo ko da tumaki?

Malam, ka ce jarinka kaɗan ne kuma a Daura kake. Ni dai shawarata, fara da jajayen awaki. Cikin akuya wata 5 ne, sau da yawa tagwaye take haifa, kuma ta fi tunkiya jure rani, ko 'ya'yan gawo ta samu za ta rayu.

Amma don Allah kada ka sayi dabba kafin ka tanadi abincinta. Da kaka, lokacin da harawa da kowar wake ke araha, ka tara su bisa rumfa, domin kafin damina ta faɗi kuɗinsu kan yi tashin gwauron zabi. Nan ne masu ƙaramin kiwo ke karyewa, abin yana damuna ƙwarai.

In za ka kasuwar Mai'adua saye, tafi da wanda ya san gane shekarun dabba ta haƙori. Ka ware sabuwar dabba mako 2, likitan dabbobi ya yi mata rigakafin PPR, wata cuta mai yaɗuwa da ke kashe awaki da tumaki.