Amsoshinku: karaya, mai ɗori da "dokta" na Facebook

Wata baiwar Allah daga Rikkos a Jos ta ce ɗanta ya faɗo daga bishiya hannu ya karye, kakarsa ta kai shi wajen mai ɗori, yanzu yatsun sun kumbura, kwana yake yana kuka. Me za ta yi?

Yar'uwa ki kwantar da hankalinki, amma dan Allah yau ɗin nan ki kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) can Lamingo ko asibitin Jankwano, kar ki jira gari ya waye. In ɗaurin karan nan ya matse jini baya kai wa yatsu, sai su yi sanyi su fara baƙi, daga nan kuma sai maganar yanke hannu. Ki lallashi Hajiya, ki ce hoto kawai za a ɗauka. Allah ya ba shi lafiya.

Wani daga Bukuru kuma ya ga "likitan ƙashi" a Facebook da ya ce zai gyara wa babansa gwiwa a kan rabin kuɗin asibiti, wai ya tura kafin alƙalami?

Kar ka tura ko sisi! Wallahi abin nan na ci min tuwo a ƙwarya, kowa ya sayi farar riga a kasuwar Taminus sai ya zama dokta. Likitan ƙashi na gaske shekara 6 yake yi a jami'a ya samu digirin likita na MBBS, ya yi shekara 1 yana aiki ƙarƙashin manya a asibiti, ya yi bautar ƙasa, sannan ya ƙara kamar shekara 5 zuwa 6 yana koyon tiyata a asibitin koyarwa ko irin asibitin ƙashi na Dala a Kano, ga jarrabawa kan jarrabawa kafin a ba shi FWACS, takardar kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, ko takardar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa. Kuma dole yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, lasisinsa duk shekara ake sabuntawa. To ka tambaye shi lambar rajistarsa da asibitin da yake tiyata, ka taka da ƙafarka ka gani, akwai ɗakin tiyata? akwai mai ba da maganin barci? In ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka, ka kai Baba asibiti ya bi layi.

Mai tambaya ko ƙarfen da aka sa masa a cinya zai jawo tsawa da damina: haba malam, ba ya jawowa. Ka dai koma ranar da likita ya rubuta maka, kuma kar ka jefar da sanda sai ya ce.